Tsohon Wasa Ya Dawo Gida Ta Wayar Yara



Kwanakin baya muna fitar da kaya daga sito za a yi fenti, sai maigidana ya ci karo da wani kwali. Yana buɗewa fuskarsa ta washe kamar ya tsinci dami a kala. Tsohuwar PlayStation ce mai ruwan toka, da faifai guda an rubuta masa Resident Evil. Ya ce, "Uwargida, wannan wasan ya sha hana ni barci ina saurayi." Sai ɗanmu mai shekara 11 ya leƙo ya ce, "Baba, ai akwai shi a wayar abokina." Nan gabana ya faɗi, na ce dole in san abin da ke ciki.

Kamfanin Capcom na ƙasar Japan ne ya fitar da wasan a 1996, ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami, kuma a can Biohazard suke kiransa. Labarin wasu 'yan sanda ne da karnuka suka koro cikin wani katafaren gida a daji, bayan wani ƙagaggen gari na Amurka mai suna Raccoon City. Ashe a gidan ne kamfanin magunguna na Umbrella ke gwajin wata ƙwayar cuta da ke mai da mutane gawarwaki masu tafiya. Mai wasa zai zaɓi Jill Valentine ko Chris Redfield, ya nemi hanyar fita da rai.

Da na zauna ina kallon maigidan yana bugawa, sai na gane tushen tsoron shi ne ƙarancin kaya. Jill kaya 8 kawai take iya ɗauka, Chris 6. Harsashi a ƙidaye yake. Ko adana inda ka tsaya ba ya yiwuwa sai ka sami ribon na tawada ka kai wa tafireta, shi ma yana ƙarewa. Ga kyamara a kafe wuri guda, sai ka ji nishin dodo kafin ka gan shi. Duk macen da ta taɓa lallaɓa cefanen ƙarshen wata ta san irin wannan lissafi.

To, yaya wasan 1996 ya shiga wayar yaro? Akwai manhajoji da ake kira imuleta, irin su ePSXe da DuckStation, masu sa waya ko kwamfuta ta kwaikwayi aikin tsohuwar na'ura. A shekarar 2000 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba kamfanin Connectix gaskiya a ƙarar da Sony ya kai shi kan irin wannan manhaja. Sai dai sauko da kwafin wasan daga intanet ba tare da an saya ba wata magana ce daban, don haƙƙin masu shi ne, kuma irin waɗannan shafuka ba a raba su da tallan banza da ƙwayoyin cutar waya.

Masu tara tsofaffin faifai suna da hujjarsu. Faifai yana karcewa, idon na'urar da ke karanta shi yana mutuwa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a sayar da su kuma. Resident Evil yana cikin masu sa'a: an sake ƙera shi a 2002 don GameCube, aka ƙara masa kyan hoto a 2015, sannan a 2024 shagon GOG ya dawo da na asali don kwamfuta. Mai so yana da hanyar saye a fili.

Maigidan ya gwada imuleta, ya ce daɗin ya ragu, don tana ba ka damar adana wasa duk lokacin da ka so, ribon ya zama ba shi da amfani. Ya koma wa tsohuwar na'urarsa. Yanzu mutanen ciki kamar an sassaƙa su da katako, muryoyinsu ma dariya suke ba shi. Amma da karnukan nan suka fasa taga suka faɗo, wallahi sai da ya zabura, mai furfura a gemu!

A nan nake so mu tsaya, 'yar uwa. Tsufan wasa bai mai da shi na yara ba. Hukumar ESRB da ke tantance wasanni a Amurka ta sa masa harafin M, wato sai ɗan shekara 17 zuwa sama, saboda jini da tashin hankali. A jikin kwalin faifai za ki ga harafin, amma kwafin da yaro ya karɓa daga wayar abokinsa babu kwali, babu gargaɗi. Don haka ki tambayi sunan wasan da ɗanki ke yi, ki zauna ki kalla na minti goma, ki lura da barcinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu dai mun yi wa namu bayani ba tare da faɗa ba, baban ya yi masa alkawarin ranar da ya kai shekarun za su buga tare. An goge faifan an mayar kwali, an ɗora saman kabad.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.