Wa ya ba ka izinin leƙa ni ina karanta wasiƙarka?

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a bakin masu ilimin zamani, daga Yamai har Kumasi: ta yaya zan san ko an karanta saƙon da na aika? Masu tambayar suna yin ta da zuciya ɗaya, kamar mai neman hanyar kasuwa. Ni kuwa ina ganin a cikinta akwai rashin ta ido, domin abin da ake nema shi ne a san lokacin da mutum ya buɗe wasiƙa a cikin ɗakinsa, ba tare da an nemi yardarsa ba.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don kada a ce muna faɗa da abin da ba mu sani ba. Hanya biyu ce a imel. Ta farko tsohuwa ce, tun 1998 aka tsara ƙa'idarta: mai aikewa ya roƙi a ba shi shaidar karantawa, manhajar mai karɓa ta tambaye shi ko ya yarda, in ya ga dama ya ce a'a. Wannan ba ni da ja da ita. Kamar wasiƙar nan ce ta gidan waya da ake sa hannu a kanta, kowa ya san an kawo, kowa ya san an karɓa. Hanya ta biyu ita ce ta ɓarayin zaune. Ana cusa wani ɗan hoto a jikin wasiƙar, ƙanƙantarsa ɗigo ɗaya tak, ba launi, ido ba ya ganinsa. Hoton ba a cikin wasiƙar yake zaune ba, yana can a na'urar mai aikewa. Da ka buɗe, wayarka za ta je ta ɗauko shi, wannan zuwan nata kuwa shi ne rahoton: ga sa'ar da ka buɗe, ga sau nawa ka sake buɗewa, ga irin na'urar da ke hannunka, wani lokaci har da garin da kake. Ba wanda ya tambaye ka, ba wanda ya gaya maka.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. A 2006 aka bankaɗo cewa masu binciken da kamfanin HP na Amurka ya ɗauka sun aika wa wata ƴar jarida imel mai irin wannan tarko, don su gano wanda yake fitar da sirrin kamfanin. A 2019 aka yi ca a kan manhajar Superhuman saboda tana nuna wa mai aikewa inda mai karɓa yake duk lokacin da ya buɗe saƙo, har sai da kamfanin ya cire wannan sashen. A 2021 BBC ta ruwaito daga kamfanin Hey cewa kashi biyu cikin uku na wasiƙun da ke shigo wa masu amfani da shi suna ɗauke da wannan ɗigon. Kashi biyu cikin uku, jama'a! Ashe mafi yawan baƙin da ke yi mana sallama da ɗan leƙen asiri a aljihu suke shigowa.

Mu a nan, imel na ƴan ofis ne da ɗalibai. Wanda ya shiga kowane gida shi ne ɗan uwansa, shuɗin tik ɗin nan guda biyu da WhatsApp ta fito da su a watan Nuwamba na 2014. Shi dai a fili yake, ana kuma iya kashe shi, sai dai a rukuni ba ya kasuwa. Amma ɓarnar da ya yi wa zumunci ta fi ta ɗigon ɓoye. "Ka gani ka ƙyale ni" ta zama tuhuma mai zaman kanta. Miji a Abijan yana ƙirga mintocin da matarsa ta yi a Tawa ba ta amsa ba. Ƙane ya aika wa yayansa neman kuɗin makaranta, ya ga shuɗi, kafin la'asar ya gama yanke hukuncin cewa an wulaƙanta shi, alhali yayan yana can yana lissafin wanda zai ranta masa.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna. Bahaushe ya san darajar ratar da ke tsakanin jin magana da ba da amsa, ya kuma gina tarbiyyarsa a kanta. Manzo idan ya kawo saƙo, ruwa ake fara ba shi, a kai shi masauki, amsa sai an kwana an yi shawara. Mai neman aure ba a ce masa a'a a fuska, cewa ake za a tuntuɓi dangi. Mai sallama a ƙofar gida sau uku yake yi, in ba a amsa ba ya juya, ba ya kafa ido a kafar zana don ya tabbatar ko mai gidan yana ciki. Kara da kawaici da kunya duk a cikin wannan ratar suke rayuwa. Ita ce ke ba talaka damar rufa wa kansa asiri, ta ba mai fushi damar hucewa kafin ya faɗi abin da zai yi nadama. Shiru ma magana ce, amma magana ce da mai hankali yake fassarawa da kyakkyawan zato. Na'ura ta zo ta ƙwace wannan zaton, ta miƙa wa mai aikewa sa'a da minti a matsayin hujja.

Hujjar ma ta ƙarya ce. Tun 2021 manhajar wasiƙu ta Apple take ɗauko hotunan da kanta ga wanda ya kunna kariyar, ko ya buɗe wasiƙar ko bai buɗe ba, sai mai leƙe ya ga "an karanta" alhali ba a taɓa ba. Wanda ya hana hotuna sauka kuwa zai karanta sau goma ba a sani ba. A ƙauyukanmu abin ya fi haka. Waya ɗaya ce a gida, yaro ne ya latsa yana neman wasa. Ko kuma dattijo ya buɗe, ya tarar da Faransanci, yana jiran jikansa ya taso daga makaranta ya fassara masa. Buɗewa daban, karantawa daban, fahimta kuma daban.

Na san abin da za a ce. Ɗalibin da ya aika takardun neman gurbin karatu fa? Ɗan kasuwar da ya tura kuɗin kaya Kwatano yana jiran labari fa? Ma'aikacin da kullum ake ce masa takardarsa ba ta iso ba fa? Kukansu gaskiya ne, kuma ina tare da su. Sai dai maganinsu a fili yake: ofis ya ba da shaidar karɓa mai kwanan wata, kamar yadda sakatare yake buga hatimi a kan kwafin takarda ya miƙo maka. Haƙƙi ne da ake nema da baki, a rubuce. Kuma a duba da kyau a ga wa yake leƙen wa a yau. Manyan kamfanoni da masu talla su ne suke zuba ɗigon a wasiƙunmu, su kuwa nasu akwatunan a tsare suke. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, Nijar tun 2017, har da hukumar da aka ɗora wa aikin. Ya kamata hukumomin nan su fito su faɗa ƙarara cewa sa'ar da mutum ya buɗe wasiƙarsa tana cikin bayanan da ba a ɗiba sai da izininsa.

Kafin su farka, abin da ke hannunmu kaɗan ne amma yana aiki. A Gmail akwai inda ake zaɓar a tambaye ka kafin a nuna hotunan waje. A WhatsApp, cikin saitin sirri, ana kashe shuɗin, da sharaɗin kai ma ba za ka ga na wasu ba, kuma sharaɗin ya yi adalci. Wanda saƙonsa ya matsu, ya rubuta a ƙarshensa cewa don Allah a sanar da shi in ya iso. In kwana biyu suka wuce shiru, ya ɗaga waya ya kira, ya fara da gaisuwa da tambayar lafiyar iyali.