Hannun wane malami ne wannan?

A gidaje da dama na Birnin Ƙonni, da Malbaza, da Illela ta Adar, akwai gafaka rataye a ɗakin maigida wadda ba a buɗe ta sai da alwala. Idan aka tambayi masu ita, amsar ba ta cika sakewa ba: littafin kakanni ne, kuma wai da hannun Shehu aka rubuta shi, ko da hannun Malam Jibril ɗan Umar, ko na wani waliyyi. Maganar tana da tushe, domin a Ƙonni kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna, a Maratta kuwa, kusa da Galmi, aka haife shi cikin shekara ta 1754, kuma daga Ƙonni zuwa Sakkwato tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. To amma ɗan kasuwar da aka kawo wa irin wannan littafi jingina ko sayarwa, da alƙalin da ke rabon gado, da ma'aikacin duwan da ya gan shi cikin kaya a bakin iyaka, duk tambaya guda ce a gabansu: ta yaya ake gane hannun mai rubutu bayan ya shekara ɗari biyu cikin kabari?

Turawan Ingila ma sun sha fama da wannan tambaya, kuma a cikin abin da ya same su akwai darasi. Babban mawaƙinsu Geoffrey Chaucer ya rasu cikin 1400, kafin na'urar ɗab'i ta zo, saboda haka magatakarda ne suka kwafe waƙoƙinsa da hannu. Tun 1978 masana biyu, Doyle da Parkes, suka nuna cewa kwafi biyu mafi daraja na babban littafinsa hannu guda ne ya rubuta su, amma ba a san sunan mai hannun ba. Cikin 2004 wata malama, Linne Mooney, ta bayyana cewa ta gano shi: Adam Pinkhurst, wanda ya rubuta rantsuwarsa da hannunsa, ya sa sunansa, a rajistar ƙungiyar magatakardan Landan wajen shekara ta 1392. Ta ɗora wannan rantsuwa kusa da littattafan, ta bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Ita da abokan aikinta baƙaƙe takwas suka fi sa wa ido a wajen kowane magatakarda: a, d, g, h, r, s, w da y, domin a nan ne hannaye suka fi saɓawa. Jaridu suka yi ta yayata labarin. Daga baya wasu masana suka ja da ita, har Lawrence Warner ya fitar da littafi cikin 2018 yana cewa an jingina wa Pinkhurst abin da ba nasa ba, domin wasu alamomin da aka ɗauka nasa ne shi kaɗai, na ƴan zamaninsa ne baki ɗaya.

Ke nan abu biyu ake rarrabewa: abin da makaranta ta koya wa hannu, da abin da hannun ya ƙago da kansa. Wanda ya haɗa su ya ɓata.

A ƙasar Hausa na farkon a bayyane yake. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ana sa wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, a sa wa ƙaf ɗigo ɗaya a bisa, kuma nun ta ƙarshen kalma sau da yawa ba ta ɗaukar ɗigo. Wannan gadon rubutun Magariba ne, ya saɓa da na Masar da Makka, kuma dubban malamai sun yi tarayya a cikinsa. Ganin fa mai ɗigo a ƙasa yana nuna yankin da littafi ya fito, ba ya nuna mutum. A cikin wannan babban gida kuma akwai ɗakuna. Akwai rubutun Barno mai kauri da kusurwa, wanda Baturen bincike A. D. H. Bivar ya yi nazari a kai, har ya bayyana wa duniya wani Alƙur'ani na Barno mai tarihin 1669. Akwai rubutun Kano mai nauyin alƙalami, wanda ya cika kasuwanni tun da aka fara buga rubutun hannu a maɗaba'a, musamman hannun Sharif Bala Gabari. Akwai kuma hannun malaman jihadi na Sakkwato, mai sauri da sauƙi, na mutanen da ke kwafar littafi domin a karanta. Littafin da aka ce na zamanin Shehu ne, aka tarar da shi cikin rubutun Alƙur'anin kasuwa na Kano, ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Na biyun, wato ɗabi'ar hannu, shi ne mai wuya, kuma a nan alarammomi sun riga masu digiri. Sunayen da ake koya wa ƙolo a tsangaya, irin su kaf lasan, ha kuri, lam jaye, nun ara, ai bayanin siffar baƙi ne. Mai bincike yana duba yadda marubuci ke kwantar da sandar kaf, da yadda yake ƙulla lam da alif, da zurfin cikin nun ara, da ko wutsiyar ya ta ƙarshe gaba take yi ko baya take komawa, da ko yana rufe idon ha kuri ko yana barinsa a buɗe. Ba a yanke hukunci da baƙi guda ko shafi guda. Ana neman ɗabi'ar da ke maimaituwa a farkon littafi da tsakiyarsa da ƙarshensa, har a wurin da hannu ya gaji, domin mai kwaikwayo yana iya riƙe hannun wani na layi goma, amma a shafi na hamsin nasa hannun ke fitowa. Ana kuma lura da cewa fiƙe alƙalami sabo yana sauya kaurin rubutu, kuma hannun mutum yana da shekara 30 ba daidai yake da hannunsa yana da 70 ba.

Duk wannan ba ya amfani sai da abin gwaji. Ba a awon hatsi ba tare da tiya ba. Tiyar wannan aiki ita ce takardar da aka tabbata wane ne ya rubuta ta, kamar rantsuwar Pinkhurst. A littattafan wannan ƙasa, wurin samunta shi ne warƙar ƙarshe, inda mai kwafi ke cewa littafi ya cika a hannun wane ɗan wane, mallakar wane, ya roƙi gafara ga iyayensa da malamansa. A nan ma akwai tarko. Sunan da ke farkon littafi na mawallafi ne, kuma mafi yawan littattafan Shehu, da na Abdullahi, da na Bello da ke hannun jama'a almajirai ne suka kwafe su, wasu kuma suka kwafa daga nasu. Ramzin da ke ƙarshen waƙa shekarar tsara ta yake nunawa, kuma duk mai kwafi yakan ɗauko shi yadda ya tarar. Wajen warware ramzin ma sai an kula: a lissafin Magariba shin 1000 ce, a lissafin gabas kuwa 300.

Sai shaidar takarda kanta. Idan aka ɗaga warƙa ga hasken rana, ana ganin tambarin masana'anta a cikin jikinta. Mafi yawan takardun da ayari ya kawo ta Tarabulus da Masar na arewa maso gabashin Italiya ne, masu alamar jinjirin wata uku. Wadda ke ɗauke da sunan Andrea Galvani na Pordenone ta bazu ne shekaru masu yawa bayan rasuwar Shehu cikin 1817. Ko da rubutun ya yi kama da wanda ake zato, ba a rubutu a takardar da ba a ƙera ba tukuna.

Babban haɗarin kuwa yana cikin gida. Littattafan nan ba a ɗinke suke ba, warƙoƙi ne a sake cikin tadarishi, kalmar da aka rubuta a ƙasan shafi ita kaɗai ke nuna warƙar da ke biye. Ta farko da ta ƙarshe su ke fara lalacewa, su gara da ɗigar damina ke fara ci. Ranar rabon gado kuma, domin kowa ya samu albarka, sai a kasa littafi kashi uku ko huɗu, warƙar da ke ɗauke da sunan mai rubutu ta bi wani magaji zuwa Tawa ko Legas. Garin da sojojin Voulet da Chanoine suka ƙone cikin watan Mayu na 1899 ba shi da rarar tsofaffin takardun da zai yi wasa da su.

Saboda haka magada su bar littafi a dunƙule a hannun mutum guda bisa amana, a rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu. Ɗan kasuwa kada ya biya kuɗin suna sai ya ga warƙar ƙarshe, ya kuma ɗaga takarda ga rana. Mai son tabbaci ya nufi sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, wanda aka gina bisa tarin marigayi Bubu Hama, inda kimanin littattafai 4000 ke ajiye, akwai abin gwaji. Idan bincike ya nuna littafin ba hannun Shehu ba ne, na wani malamin ƙauye ne na Adar da ya sa sunansa da na mahaifinsa a ƙarshe, gidan bai yi hasara ba. Ya samu sunan kakansa da hannun kakansa, kuma an samu tiyar da za a auna wasu littattafan da ita.