Jitar Ali Farka Toure ba ta aro ba ce

Har yau raina na ɓaci idan na ji ana kiran Ali Farka Toure da "John Lee Hooker na Afirka". Masu faɗin haka yabo suke nufi, amma yabon ya sa shi ya zama almajirin wani, alhali mutumin nan hannunsa ya riga ya faɗa kafin ya taɓa jin faifan Ba'amurken.

An haife shi a 1939 a ƙauyen Kanau, a yankin Tumbutu na ƙasar Mali, ya girma a Niafunke da ke bakin kogin Neja. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. Duk wanda ya san yadda mu ma a nan ake kallon ɗan babban gida idan ya ɗauki abin kiɗa, ya san irin tsangwamar da yaron ya fuskanta. Bai fasa ba. Abin da ya fara kaɗawa shi ne djerkel, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ɗan'uwan kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, sai kuma njarka, wadda ake gogawa kamar kukuma. Da waɗannan ake kiɗan iskoki a ƙasar Songai, kuma a cikin wannan kiɗa kunnensa ya buɗe.

A 1956 ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Amma sai a 1968, lokacin wata tafiya zuwa Bulgeriya, ya sayi tasa ta kansa. Nan ne nake son mai karatu ya tsaya. Ali bai tambayi jita abin da Turawa ke yi da ita ba. Ya ɗora mata abin da yatsunsa suka saba yi a kan tsirkiya ɗaya: babban yatsa na riƙe da gindin kiɗa ba ya sauka, sauran suna zuba karin waƙa a sama, ƙwarya na amsawa a gefe. Da ya ji faya-fayan baƙar fatan Amurka daga baya, sai ya gane kiɗan gida ne da ya ƙetare teku tare da bayi. Ya amfana da su, ba shakka, amma a matsayin wanda ya haɗu da dangi.

Daga 1970 ya yi aiki a gidan rediyon Mali da ke Bamako, kuma daga can waƙoƙinsa suka kai Faris aka buga su a faifai. Yana waƙa da Songai, da Fillanci, da Tamashek, da Bambara, a kan noma da ilimi da zaman tare. Duniya ta waiwaye shi a ƙarshen shekarun 1980, faifansa Talking Timbuktu na 1994 tare da Ry Cooder ya ci lambar Grammy.

Abin da ya yi bayan wannan ɗaukaka shi ya fi burge ni. Ya rage yawon duniya ya koma gonarsa ta shinkafa. Da kamfanin World Circuit ya matsa yana son sabon faifai, dole suka kwashi na'urorinsu suka bi shi har gida, aka naɗi faifan Niafunke na 1999 a can, a lokutan da aikin gona ya bari. A kunnena kiɗan nan ya fi na baya nauyi da natsuwa, don babu wani baƙo da ake ƙoƙarin burgewa a cikinsa.

A 2004 aka zaɓe shi magajin garin Niafunke, ya sa kuɗinsa wajen gyaran hanyoyi da magudanan ruwa da samar da lantarki. Cutar daji ta ƙashi tana cinsa ya yi faifan In the Heart of the Moon tare da Toumani Diabate, wanda ya kawo masa Grammy ta biyu. Ya rasu a watan Maris na 2006, faifansa Savane ya fito bayan 'yan watanni. Allah ya jiƙansa.