Rage Ƙiba: Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Akwai wani al'amari da ya zama ruwan dare a tsakanin ma'aikatan gwamnati, musamman waɗanda suka haura shekara 40 suna zaman kujera. Ma'aikaci zai tafi asibiti saboda ciwon kai ko yawan kasala, likita ya auna jininsa, ya ɗora shi bisa sikeli, sa'an nan ya shaida masa cewa hawan jini ko ciwon sukari yana dab da kama shi, lalle ne ya rage ƙiba. Tun daga wannan rana sai bawan Allah ya ɗaura ɗamara: ya bar tuwo, ya bar shinkafa, ya bar nama, ya koma ga ruwan zafi da lemun tsami da ɗan ganye. Kafin wata uku tumbi ya sauka, wando ya yi masa yawa, abokan aiki suna ta yi masa barka da arziki. Amma bayan shekara guda ko biyu, sai a tarar ya koma gidan jiya, wani lokaci ma har da ƙari.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sauke nauyi shi ne sashen aikin da ya fi sauƙi, kuma kusan kowace irin horon yunwa tana iya yinsa. Babban aiki shi ne hana nauyin dawowa, shi kuwa ba ya samuwa sai da tsarin cin abinci wanda mutum zai iya zama a kansa muddin ransa. Saboda haka duk wani tsari da aka kawo wa mai ƙiba, tambayar da ya kamata ya fara yi ita ce ko zai iya ci gaba da cin abinci haka nan da shekara goma. Idan amsar a'a ce, to an gudu ne ba a tsira ba.

Wannan magana ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba mai yawa, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ƙiba kuwa ita ce kan share wa ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya hanya, cututtukan da kan cinye albashin ma'aikaci tun yana aiki, su kuma bi shi su cinye fanshonsa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa wanda ƙiba ta dawo masa rago ne ko makwaɗaici. Binciken masana ya nuna akwai abin da ya fi wannan. A shekarar 2011 wasu likitoci na Jami'ar Melbourne ta ƙasar Ostireliya suka bayyana sakamakon wani gwaji da suka soma da mutum 50 masu ƙiba. An sa su a kan abinci ɗan kaɗan na tsawon mako 10, suka sauke kimanin kilo 13 da rabi kowannensu bisa matsakaicin lissafi. Da aka sāke auna su bayan shekara guda, sai aka tarar sinadarin jini mai tayar da yunwa yana nan ya fi yadda yake tun farko, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki yana da isasshen tanadi kuwa ya yi ƙasa, kuma mutanen suna jin yunwa fiye da kafin su soma. Ma'ana, jiki yana ɗaukar ramewa tamkar fari ne ya sauka, sai ya tashi haiƙan neman mayar da abin da ya rasa.

Bugu da ƙari, jikin da ya rame yana rage abin da yake ƙonawa. A shekarar 2016 wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka suka bi sawun mutum 14 da suka taɓa shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin. Sun sauke kimanin kilo 58 kowannensu a lokacin gasar, amma bayan shekara shida kimanin kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu a lokacin hutawa yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ake tsammani a kowace rana. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kuma 500 ya kai ƙaramin kwanon abinci guda. Yunwa ta ƙaru, ƙonawa ta ragu: wanda ya dogara ga dauriya kaɗai yana kokawa ne da abokin gabar da ba ya barci.

Duk da haka akwai waɗanda suka ci nasara, kuma daga gare su ya kamata a ɗauki darasi. A shekarar 1994 wasu masana biyu na Amurka, Rena Wing da James Hill, suka buɗe rajista ta mutanen da suka sauke aƙalla kilo 13 da rabi, suka kuma hana shi dawowa har shekara guda ko fiye. Mutum fiye da 10,000 suka shiga. Hanyoyin da suka bi wajen ramewa sun bambanta, amma halayensu bayan ramewa kusan iri ɗaya ne. Kashi 78 cikin 100 suna karya kumallo kowace safiya, kashi 75 suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, kashi 90 kuma suna motsa jiki na kimanin sa'a guda a rana, galibi ta hanyar tafiya da ƙafa. Yawancinsu ba su da wani cin ranar aiki dabam, na Asabar da Lahadi dabam. Babu wani asiri a cikin wannan, in ban da ɗorewa.

Dangane da irin abincin da ya fi taimako, an yi wani babban gwaji a ƙasashe takwas na Turai wanda aka bayyana a 2010. An ɗauki mutum 773 waɗanda suka riga suka rage nauyi, aka kasa su rukuni-rukuni, aka bi su wata shida. Waɗanda suka fi riƙe nauyinsu su ne waɗanda aka ƙara wa abinci mai gina jiki, aka kuma ba su irin hatsin da ba ya saurin zama sukari a jini. A 2019 kuma Kevin Hall ya kwantar da mutum 20 a asibitin bincike, ya ba su abincin masana'anta na mako biyu da abincin da ba a sarrafa ba na mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A kan abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori 500 a rana, suka ƙaru da kusan kilo guda; a kan ɗayan kuwa suka ragu da kusan kilo guda, ba tare da an hana su komai ba.

Abin farin ciki shi ne wannan darasi bai buƙaci kayan waje ba. Abincin da aka gada a ƙasar Hausa ya ƙunshi mafi yawan abin da ake nema: dawa da gero da acca waɗanda ba a surfe su sun yi fari tas ba, wake da awara da nono da ƙwai da kifi domin gina jiki, sai zogale da rama da alayyafo da kuɓewa da kabewa domin cika ciki ba tare da nauyi ba. Gyaran da ake bukata a wurin rabo yake. Maimakon malmala uku ta tuwo da ɗan ɗigon miya, sai a yi malmala guda da miyar ganye mai yawa. Alale ya fi ƙosai domin ba a soya shi ba, kwaɗon zogale ya fi cincin da fanke, gwaiba da gwanda sun fi biskit. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cin aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana.

Abubuwa biyu ne suke mayar da ƙiba a ɓoye, wato mai da sukari. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kusan kalori 120, balle ludayin da akan kwarara a miya ko a bisa ɗan wake. Sukari kuwa, hukumar ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum. Kwalbar lemo guda mai rabin lita tana iya cike wannan adadi ita kaɗai, tun ba a yi maganar shayin safe da kunu da zoɓo da fura ba. Kuma abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna.

Wani zai ce ai yanzu akwai magani. Gaskiya ne an samu allurai masu rage ƙiba ƙwarai, kuma suna da amfani ga wanda likita ya ga ya dace da su. Amma a 2022 an bayyana cewa waɗanda suka daina maganin da ake sayarwa da sunan Wegovy sun mayar da kashi biyu cikin uku na nauyin da suka sauke a cikin shekara guda. Idan haka lamarin yake ga maganin da aka gwada a asibiti, ina ga shayin rage tumbi da ake talla a kasuwa da wayar hannu, wanda mai saye bai san abin da aka zuba ciki ba?

Kada kuma wanda wani abu ya dawo masa ya yanke ƙauna. A wani gwaji na Amurka da aka bayyana a 2002, wanda ya haɗa mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, an nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin 100 kacal na nauyinsu, su kuma motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwarsu da cutar ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, wannan bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba. Kilo 6 da aka riƙe shekara goma ya fi kilo 20 da aka riƙe wata uku.

Nauyin gyara bai rataya a wuyan mai ƙiba shi kaɗai ba. Ya kamata asibitoci su daina sallamar mutum da kalmar "rage ƙiba" kawai. A haɗa shi da masanin abinci, a kuma sa masa ranakun dawowa awo, musamman mai ciwon sukari da ke shan magani, wanda rage abinci ba da shawarar likita ba zai iya jefa shi cikin hatsari. Ya kamata ma'aikatu su dubi abin da ake rabawa a tarurruka, domin ruwa da gyaɗa da ayaba ba su fi lemon kwalba da soye-soye tsada ba. Iyali su ma su tallafa, domin ba zai yiwu mutum guda ya ci dabam alhali tukunya ɗaya ake ɗorawa ba, kuma lokaci ya yi da za a daina ɗaukar tumbi alamar arziki, ramewa kuwa alamar talauci ko ciwo. Ɗalibai kuma su sani cewa halin cin da aka koya a ɗakin kwanan makaranta, na taliyar leda da burodi da lemo da tsakar dare, shi ne zai bi su har ofis.

Wanda ya ƙudura rage ƙiba, to ya soma da abincin da zai iya ƙarewa da shi, ya rage a hankali, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya kuma riƙa hawa sikeli domin ya tare kilo biyu tun bai zama goma ba. Sannu sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.