Kangon Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa: Araha Ba Ta Ado

Akwai shawarar da wasu dillalai ke bai wa mai 'yan kuɗi a ajiye: ya sayi gidan da masu shi suka bari a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, ya gyara, ya jira farashi ya tashi. Hujjarsu ita ce an yi sulhu, kuma abin da ya faɗi dole wata rana ya miƙe. Shawarar ba ta da kyau, kuma yawanci mai bayar da ita la'adarsa yake hange.

Gida a waɗannan garuruwa bai yi araha don katangarsa ta tsage ba. Ya yi araha ne don mai shi ya kasa kwana a cikinsa. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da waɗannan uku. Magini yana iya ɗinke katanga, amma ba ya iya gyara dalilin da ya sa aka tsere. Mai saye a nan caca yake yi a kan zaman lafiya, alhali an riga an ga yadda irin wannan caca take ƙarewa: sulhun da Gwamna Aminu Bello Masari ya ƙulla da 'yan bindiga a 2019 bai daɗe ba ya wargaje. Ana fatan na baya-bayan nan ya ɗore, sai dai fata ba ya shiga lissafin jari.

Sai batun gyaran kansa. Gidan ƙasa yana rayuwa ne da mutanen da ke cikinsa. Su ke yaɓe kafin damina, su share indararo, su kashe gara tun tana sabuwa. Idan ya yi damina biyu ko uku a rufe, ruwa yakan kwanta a kan soro, azara ta ruɓe, gindin katanga ya zaizaye. Abin da dillali ya kira "ɗan gyara" sau da yawa rushewa ne a sake gini. Na bulo ma bai tsira ba, domin a gidan da ba kowa akan ɓalle ƙofofi da tagogi, a kwashe kwano da wayoyin lantarki. Buhun siminti da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya kai naira 10,000 a farkon 2024. Ga kuɗin mota da ya hau tun bayan cire tallafin man fetur, ga direba da kafinta da za su ƙara ladan kasada kafin su yarda su bi hanyar. Arahar da aka samu wajen saye takan zube wajen gyara.

Matsala ta uku ta fi waɗannan ɓoyuwa: wa ke da ikon sayarwa? Yawancin gidajen ƙauye ba su da takardar mallaka. Shaidarsu ita ce mai unguwa da dagaci da dattawan layi, kuma su ma wasunsu sun yi hijira, wasu sun rasu. Da yawa gidajen gado ne da ba a raba ba, magada sun watsu tsakanin Funtuwa da Malumfashi da Kano. Ɗaya daga ciki na iya karɓar kuɗi ba da sanin sauran ba. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya biya abin da aka biya ya karɓe rabon da aka sayar wa baƙo. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ce mallaka ba ta sauya hannu sai da amincewar gwamna ko ta ƙaramar hukuma, gwargwadon irin filin. Wanda ya tsallake waɗannan ya yi cinikin biri a sama, ranar da lafiya ta dawo kuwa ita ce ranar da sammaci zai iso.

Masu kare shawarar suna da magana ɗaya mai nauyi: mutanen ƙauyuka sun kwararo cikin manyan garuruwa, don haka ɗakin haya a tsakiyar Ƙanƙara ba ya rasa mai nema. Gaskiya ne. Amma mai neman ɗakin manomi ne da aka raba da gonarsa. Da me zai biya? Idan tsaro ya samu zai koma gida, ɗakin ya zauna fanko. Idan bai samu ba, bashin haya ya taru. Ta kowace fuska lissafin ba ya fita yadda aka zana shi.

Bayan lissafi akwai mutunci. Wasu na sayar da gidajensu ne don haɗa kuɗin fansar ɗa ko mata. Malaman fiƙihu sun daɗe suna ƙyamar a yi amfani da matsuwar mutum a karya masa farashi. Wanda ya taya rabin kuɗi a irin wannan rana, garin ba zai manta ba, kuma a cikin garin nan yake so ya sami ɗan haya ko mai saye.

Wannan ba ya nufin kada a taɓa kango. Ɗan gari da ya san magada da sunayensu, ya san unguwar da ake kwana da wadda ba a kwana, kuma shi zai zauna a ciki, gyaransa alheri ne, don da irinsa gari ke farfaɗowa. Amma mai neman riba daga nesa ya fara tambayar kansa: zai kwana da iyalinsa a gidan daren yau? Duk magada sun sa hannu a gaban alƙali? Zai iya jure asarar kuɗin baki ɗaya? Idan amsa ɗaya ta zama a'a, ya bar kuɗinsa inda suke.