Koyar da Darasin Karo da Harshen Hausa

Masu cewa Hausa ba za ta ɗauki darasin fiziks ba, su leƙa titin Tudun Murtala. Ɗalibin sakandare a can ya san tifa maƙare da yashi ta fi Adaidaita Sahu wuyar tsayawa, ko da gudunsu ɗaya. Abin da Newton ya bayyana a 1687 ke nan: nauyi sau gudu, wato momentom. Hular kwano kuwa tsawaita lokacin karo take yi, sai ƙarfin bugun ya ragu, kai ya tsira. Wanda ya haddace wannan da Turanci kawai, da wuya ya tuna ranar da ya hau babur. Don haka ku fara bayani da Hausa, kalmomin Turancin su biyo baya, tunda da su ake rubuta jarrabawar WAEC.