Gani Ya Kori Ji: Mu Taimaki Kakanninmu Da Wayar Gida



A wannan makon muna so mu yi magana a kan tsofaffinmu masu rawar hannu, da kuma wayar salula da ke kusan kowane gida. Ra'ayinmu shi ne, mu yara za mu iya amfani da waya mu riƙa lura da jikinsu a gida, domin likita ya ga abin da muke gani kullum.

Da wuya a sami unguwa a Dutse, ko ƙauye a Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, da babu tsohon da hannunsa ke karkarwa. Carbi ya suɓuce masa, ɗaura maɓalli ya gagare shi, tashi daga sujada sai an kama shi. Wasu su ce tsufa ne kawai, wasu su ce sammu ne ko iska. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sau da yawa cuta ce mai suna, wadda aka san ta a asibiti.

Ɗaya daga ciki ita ce cutar Parkinson. Ta sami sunan ne daga wani likitan Ingila, James Parkinson, wanda ya yi bayaninta a rubuce a 1817. Tana faruwa idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da wani sinadari da ake kira dofamin suka fara mutuwa. Sai motsi ya yi nauyi, gaɓoɓi su sandare, taku ya zama ƙanana, hannu ya riƙa rawa ko da mutum yana zaune bai taɓa komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 masu fama da ita sun haura miliyan 8.5. Shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya yi fama da ita. A 1996 duniya ta gan shi yana kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta, hannunsa na rawa. Ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci tare ko gaisawa. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya ba, amma akwai mai sassauta ta sosai, kamar lebodofa.

To ina waya ta shigo? Ciwon nan ba ya tsayawa iri ɗaya. Da safe bayan shan magani Kaka zai iya tafiya masallaci da ƙafarsa, kafin la'asar kuma ƙarfin maganin ya ƙare ya kasa ɗaga kofi. Likita kuwa 'yan mintuna yake ganinsa. An yi kuɗin mota daga ƙauye zuwa Asibitin Rasheed Shekoni a nan Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko an yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma wataƙila a lokacin jikin ya lafa. Idan aka tambayi tsohon yaya jiki, sai ya ce da sauƙi, domin haka muka taso muna amsawa. Da me likita zai yi aiki? Bidiyon minti ɗaya zai nuna masa abin da baki ya kasa faɗa.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. A 2015 masu bincike a Amurka sun fito da wata manhajar waya mai suna mPower. Marar lafiya yakan buga allon waya da yatsu biyu, ya ja sautin "aaa", sannan ya yi tafiya da wayar a aljihu. Dubban mutane ne suka shiga. Wayar tana auna motsi da ɗan na'urar nan da ke juya hoton allo idan muka kwantar da ita. Akwai kuma agogon hannu da ke ƙirga karkarwa dare da rana. Irin wannan agogo ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyayenmu, amma kyamara da agogon tunatarwa suna cikin wayar da muke da ita.

Ga abin da muke ganin za mu iya yi, da izinin manya:

Na farko, mu ɗauki bidiyon hannayen Kaka yana zaune ya ɗora su a gwiwa, sannan yana ɗaukar kofi. Wannan yana da amfani, domin rawar da ke zuwa a lokacin hutu daban take da mai zuwa a lokacin aiki.

Na biyu, mu ɗauke shi yana tashi daga kujera, ya yi 'yan taku ya juyo. Dole babba ya tsaya kusa da shi kada ya faɗi.

Na uku, mu sami littafin rubutu guda, mu riƙa sa rana, lokacin da aka sha magani, lokacin da rawar ta dawo, da ranar da ya faɗi idan an samu.

Na huɗu, mu saita ƙararrawar waya ta tuna lokacin shan magani.

Mun san wasu za su ce waya ba likita ba ce. Gaskiya ne. Ba kowace rawar hannu ce Parkinson ba. Wasu magunguna, ciwon maƙoƙo da saukar sukari duk suna iya kawo ta. Shi ya sa aikinmu lura da rubutawa ne kawai. Ba mu da ikon ƙara ko rage ƙwaya ko ɗaya. Kuma idan baki ya karkace ko ɓarin jiki ya mutu farat ɗaya, wannan ba lokacin bidiyo ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Wasu kuma za su ce yara za su tona asirin tsofaffi. Wannan ne ya fi damun mu, domin mun san halin junanmu da TikTok da WhatsApp. Larurar Kaka ba abin dariya ba ce. A nemi yardarsa kafin a ɗauka, idan ya ce a'a a haƙura. Idan kaka mace ce, jikarta mace ta ɗauka, tana cikin suturarta. Likita kaɗai za a nuna wa. Batun data kuwa bai taso ba, domin ɗaukar bidiyo ba ya buƙatar intanet, caji kawai.

Muna roƙon malamanmu na kwamfuta da na kimiyya su ware darasi guda su koya mana wannan. Ranar 11 ga Afrilu ita ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya, muna fata shugabar makaranta za ta gayyato ma'aikacin lafiya ya yi mana bayani a filin taron safe. Iyayenmu kuma su ba mu aron waya na minti biyar don wannan aiki.

Kakanninmu sun goya iyayenmu, sun goya mu. Yau da hannunsu ke rawa, namu ne ya kamata ya riƙe musu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Daga 'yar aji biyu,
Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.